Muryar WhatsApp: amsa ga mai HC-12 ɗin da ya yi shiru

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ya turo tambaya da asuba, na ji ka. Ka ce ka haɗa HC-12 guda biyu, wato 'yan na'urorin rediyon nan masu aika saƙo ta iska, kowanne da Arduino Uno ɗinsa, ƙaramin allon da ake sa wa kod ya sarrafa na'ura, ka tura saƙo daga nan amma can ko ɗigo bai fito ba, har kana shirin sayo sababbi. Don Allah dakata, kada ka zubar da kuɗinka tukuna.

Ajiye ɗayan a gefe, mu fara jin ko guda ɗayan ma yana jin maganar Arduino. A hoton da ka turo na ga wayoyinka a ƙafa ta 0 da ta 1. To, ƙafafun nan su USB ke bi zuwa kwamfuta, ka ga baki biyu ke nan a kan hanya ɗaya. Mayar da su 10 da 11, ka yi amfani da SoftwareSerial, kod ɗin da ke ba Arduino damar magana ta wasu ƙafafun. Sannan TX na Arduino RX na HC-12 zai tafi, TX na HC-12 kuma RX na Arduino, wato bakin wannan ya nufi kunnen wancan. Ka haɗa baki da baki, wa zai ji wani? GND ɗinsu, wato ƙafar negatif ta wuta, ma dole ya zama ɗaya.

Yanzu ja ƙafar SET ta HC-12 zuwa GND don ya saurari umarni, buɗe Serial Monitor, wato tagar rubutu ta manhajar Arduino a kwamfuta, a gudun aika saƙo 9600, ka rubuta AT. In ya amsa da OK, alhamdulillahi, lafiyarsa lau. Sai ka tura AT+RX, zai zayyano maka gudunsa da tasharsa da ƙarfinsa da yanayin aikinsa. Sabo fil yana zuwa ne da gudu 9600, tasha ta 001 wato 433.4 MHz, yanayi FU3. Rubuta su a takarda, ka yi wa na biyun haka, ka gwada su layi-layi. Tasha ɗaya ta bambanta, shi ke nan, sai shiru. In kuwa wasu haruffa marasa kan gado kake gani, gudun ne bai daidaita ba.

Gwajin da na fi so shi ne wannan. Cire SET daga GND, kada ka manta, mutane da yawa nan suke tuntuɓe, don muddin yana can umarni kawai yake saurara. Ɗauki na biyun ba tare da Arduino ba, ba shi wuta bolt 5, ka haɗe TXD da RXD ɗinsa, wato TX da RX, da 'yar waya guda. Sa musu eriya, ka raba su kamar mita 2, don in sun manne kusa ƙarfin yakan dagula saƙon. Rubuta "sannu" daga naka ɓangaren. Zai tafi ta iska, ya zaga ta 'yar wayar nan, ya dawo maka a allo. Ranar da na fara ganin tawa "sannu" ta dawo, wallahi sai da na miƙe tsaye don murna.

Kafin nan kwana uku na yi ina zargin kod ɗina, ashe wata waya ce ta tsinke a cikin robarta, daga waje kuwa sumul. Mitar auna wuta ce ta tona ta. Saboda haka auna wayoyinka ɗaya bayan ɗaya. In saƙon yana zuwa yana yankewa, sa kapasita, ɗan abin da ke tara wuta, tsakanin VCC (ƙafar da wuta ke shiga) da GND dab da HC-12 ɗin, yana jan wuta sosai lokacin turawa.

Gwada AT ɗin yanzu, ka ɗauko hoton abin da ya fito a allon ka turo nan, ina nan har bayan la'asar.