Ku Tambaya: Wane irin tauraro ya dace da duniyar da nake ƙirƙira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna yin wasan labari wanda kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a wata duniya ta sararin samaniya, kuma ni aka ɗora wa aikin tsara duniyar. Na zana garuruwa da koguna, sai wani ya tambaye ni irin ranar da ke haskaka su, na rasa amsa. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokin nan naka ya taɓo tushen aikin, domin tauraro ne ke yanke tsawon shekara, da lokacin shuka, har da launin sama, saboda haka da shi ake farawa kafin a zana gari ko ɗaya.

Masana sun jera taurari bisa zafinsu da haruffa bakwai, O, B, A, F, G, K, M, tsarin da masaniyar taurari Annie Jump Cannon ta daidaita a Jami'ar Harvard. Na O da B shuɗɗa ne masu tsananin zafi, amma ba sa daɗewa, wasu shekara miliyan kaɗan kawai suke yi. Manyan taurarin Kaza da 'Ya'yanta irin B ne. Kada ka dasa tsohuwar masarauta a kewayensu. Ranarmu ajin G ce, ta yi kimanin shekara biliyan 4.6, kuma ita ce zaɓi mafi sauƙi. Na K sun fi ta sanyi kaɗan, sun kuma fi ta tsawon rai.

Ni dai jajayen ƙananan taurari na ajin M nake so ka duba, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin Milky Way, wato babban rukunin taurarin da ranarmu take ciki. Haskensu rarrauna ne, don haka duniyar da ruwa zai zauna a kanta sai ta matso kusa sosai. Wadda aka gano a 2016 tana kewaya Proxima Centauri, jan tauraro na ajin M kuma mafi kusa da rana, cikin kwana 11 take cika shekararta. Irin wannan kusanci kan sa duniya ta kafe fuska ɗaya ga tauraronta, kamar yadda wata yake nuna mana fuska ɗaya. A irin wannan duniyar, gefe ɗaya rana kullum, ɗayan dare kullum, mutane kuwa sai su taru a siririn yankin da ke tsakani, inda gari yake kamar almuru har abada. To ka tambayi kanka, mutanen da ba su taɓa ganin fitowar rana ba, da me za su ƙirga ranar cin kasuwa? Wa ke da ikon sanar da lokacin barci, kuma me zai faru idan sarakuna biyu suka saɓa a kai? Daga nan rikicin wasanku zai fito da kansa.

Game da kayan aiki, manhajar Stellarium kyauta ce a kwamfuta, tana nuna ajin tauraro da nisansa, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na da rumbun bayanan duniyoyin da aka gano a intanet. Nemi TRAPPIST-1 a ciki, jan tauraro mai duniyoyi bakwai. Idan babu data, rubuta ajujuwa shida a takarda, ka bar O, ka jefa ɗan ludo, duk wanda ya fito ka gina duniyarka a kansa.