Tambayoyinku Kan Lafiya: Kafson Narkar da Abinci

Tambaya: Likita, an yi wa mijina aiki a fankiriyas, aka ɗora shi kan kafso mai suna Creon. Yana sha kullum da safe da dare, amma har yanzu bayan gidansa na fita da maiƙo da wari, yana yawo a saman ruwa, kuma sai ramewa yake yi. Ko maganin bai karɓe shi ba ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Daga bayaninki, matsalar tana wajen lokacin shan maganin. Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, kuma banda insulin tana zuba ruwan narkar da abinci a farkon ƙaramin hanji. A cikin ruwan akwai sinadarai iri uku: laifes mai narkar da kitse da mai, amiles mai narkar da sitaci, da furotiyes mai narkar da abinci mai gina jiki. Maiƙon da kike gani yana bayyana ne idan laifes ya ragu ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yadda ya kamata. Kafson nan su ne sinadaran, an ciro su daga fankiriyas na dabba, kuma ba sa shiga jini. Aikinsu a cikin hanji yake, sai sun cakuɗu da abinci. Wanda ya sha su a kan ciki wofi, sun wuce ba su tarar da komai ba.

Saboda haka ya riƙa haɗiye kafson da lomar farko. Idan cin abincin zai daɗe, ya raba: rabi a farko, rabi a tsakiya. Ga babba, yawanci ana farawa da yunit 40,000 zuwa 50,000 na laifes a babban abinci, rabin haka a ɗan abin taɓawa ko abin sha mai madara. Lambar da ke jikin kwalin, 10,000 ko 25,000, adadin laifes ce a kafso ɗaya, don haka mai shan ɗaya tak na 10,000 yana ƙasa da abin da jikinsa ke bukata nesa ba kusa ba.

Kada ya tauna. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson an lulluɓe su da rufi da ba ya narkewa sai tsamin wurin ya sauka, wato ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, ya haura 5.5. Ruwan tsamin tumbi, idan pH ɗinsa ya kai ƙasa da 4, yana kashe laifes kisan da ba ya farfaɗowa. Taunawa na fasa rufin, maganin ya lalace, bakin kuma ya yi miki. Kada kuma a kora shi da abin sha mai zafi, a ajiye shi a wuri mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba.

Idan an gyara duk wannan maiƙon bai tafi ba, likitansa zai iya ninka adadin, ko ya ƙara masa maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole. Abin da ba na so shi ne a hana shi mai gaba ɗaya, domin da shi ne jiki ke tsotsar bitamin A, D, E da K, ga shi kuma yana ramewa. A nemi a auna masa su.

Tambaya: Ɗana yana da sistik faibrosis (ciwon gado da majina mai kauri ke toshe huhu da fankiriyas) kuma ba ya iya haɗiye kafso. Ya zan yi?

Amsa: Ki buɗe kafson, ki zuba ƙwayoyin a cokali ɗaya na abu mai laushi da ɗan tsami, kamar markaɗaɗɗen tuffa, ki ba shi nan take, ki bi da ruwa, sannan ki duba bakinsa kada wasu su maƙale. Kada ki zuba su a kwalbar madara, rufin zai narke tun kafin ya sha. Ki riƙe iyakar nan da kyau: yunit 2,500 na laifes a kowane kilo na nauyinsa a cin abinci ɗaya, 10,000 a kowane kilo a yini. A shekarun 1990 an ga yaran da aka ba adadi mai yawa babban hanjinsu ya yi tabo ya tsuke. Ciwon ciki mai tsanani, kumburi ko amai, a kai shi asibiti.

Tambaya: Daga wace dabba ake samo maganin nan, kuma zan iya sha don kumburin ciki?

Amsa: Kusan duk wanda ake rubutawa a asibiti daga alade yake, domin sinadaransa sun fi kusa da na mutum, kuma laifes ɗin na saniya bai kai shi ƙarfi ba. Wanda wannan ya dame shi ya tattauna da likitansa kafin ya daina, domin dainawa na jawo tamowa. Mai lafiyayyen fankiriyas kuwa ba ya bukatarsa. Idan ana zargin gaɓar ta gaza, akwai gwajin bayan gida da ke auna sinadarin elastes, sakamakon da ya gaza 200 shi ke nuna a bincika sosai.