Tambaya da Amsa: Shin Mu Hausawa Ba Mu da Waƙar Ma'aikata Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, bana shekarata uku da kama aiki, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Duk ranar ma'aikata, ko in an kira taron yajin aiki, sai shugabanninmu su dunƙule hannu su ɗaga sama su rera waƙar nan ta Turanci, Solidarity Forever. Ni amshin kaɗai na iya, wasunmu ko shi ba su iya ba. Daga ina ta fito? Kuma mu ba mu da tamu ne? Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, wai mawaƙin Hausa bai san kowa ba sai mai ba shi riga da mota.
Daga wani ma'aikaci, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambayarka ta mai da ni wani taro da muka yi lokacin ina koyarwa, ina cikin ƙungiyar malamai. Rana ta take, fili ya cika, an yi wata huɗu ba a ga albashi ba. Kusa da ni akwai dattijon da ke gadin makarantarmu, ya zo da tsohuwar rigarsa ta kaki, sandarsa a hammata. Da aka ɗauki waƙar sai ya ɗaga hannu kamar kowa, leɓensa na motsi amma ba abin da ke fita. Bayan an watse ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, don Allah me muka ce ne ɗazu?" Na ce masa cewa aka yi ma'aikaci shi kaɗai ba shi da ƙarfi, amma in an haɗa kai ba mai iya tanƙwara mu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe maganata ake yi." Har yau abin yana ci mini rai, a ce mutumin da ya fi kowa jin zafin yunwar nan sai da aka yi masa tafinta.

Asalin waƙar daga Amurka ne. Wani ɗan ƙungiyar ƙwadago mai suna Ralph Chaplin ya rubuta ta a birnin Shikago a 1915, bayan ya ga irin wuyar da mahaƙa kwal suka sha a yajin aikin da suka yi a jihar West Virginia a 1912 zuwa 1913. Bai ƙirƙiro sabon kari ba. Ya ɗauki karin wata waƙar da sojoji ke taku da ita tun zamanin yaƙin basasar ƙasarsu, wadda yaro da babba sun san ta, ya ɗora mata maganar ma'aikata. Haka 'yan ƙungiyarsu suka saba yi. Wani abokin gwagwarmayarsu, Joe Hill, mutumin Suwidin da ya je Amurka neman aiki, yakan ɗauki karin waƙoƙin coci ya zuba musu kukan leburori. Hukumar jihar Utah ta harbe shi a watan Nuwamba na 1915 bisa zargin kisa, shari'ar da har yau ake jayayya a kanta.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta matan kamfanin taba, wataƙila don mu ma a Zariya mun san ƙamshin ganyen taba da jiniyar tashi daga aiki. A ƙarshen 1945, a garin Charleston, ma'aikatan wani kamfanin taba, akasarinsu mata baƙaƙen fata, suka shiga yajin aiki na wajen wata biyar cikin sanyi. Kowace yamma kafin su watse daga bakin ƙofar kamfani sai su rera wata tsohuwar waƙar cocinsu. Inda waƙar ke cewa "ni" sai suka mai da shi "mu". Ita ce daga baya ta zama We Shall Overcome, wadda baƙaƙen Amurka suka yi ta rerawa a gwagwarmayar neman 'yanci zamanin Martin Luther King. Kalma ɗaya suka sauya, ɗana, amma waƙar ta bakinsu ce tun farko, da ita iyayensu suka yi musu reno.

To mu dawo gida. Abokinka yana da rabin gaskiya. Kiɗan fada da roƙo sun yi ƙarfi a ƙasar Hausa, kuma makaɗin da ke ci a ƙofar sarki ba zai tsaya ya zagi haraji ba. Amma wanda ya ce wannan ce duk waƙar Hausa, bai taɓa kwana a gidan talaka ba.

Ni a Sabon Gari aka haife ni, kusa da layin dogo, mahaifinmu lebura ne a reluwe, cikin masu gyaran layi. Waƙar farko da na fara ji a duniya ta mahaifiyata ce a kan dutsen niƙa, da asuba, tun ba a kira assalatu ba. Tana durƙushe, zani ɗaure a ƙirji, ta tura ɗan dutse gaba ta jawo, muryarta na bin tafiyar hannunta. A cikin waƙar take faɗin abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ido da ido ba: dawa ta yi tsada, kuɗin cefane bai kai ba, bayanta na ciwo, ta yi shekara biyu ba ta je ganin gida ba. Mahaifinmu na kwance a ɗaki yana ji, bai taɓa ce mata ta yi shiru ba, domin kowa ya san abin da aka faɗa a kan dutsen niƙa ba a kai shi ƙara. In kuwa ita da maƙwabciyarta suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafi kafin a cafe, nan ne habaici ke fita da kaifinsa. Mece ce wannan in ba waƙar ma'aikaci ba?

Haka a gona. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauyukan Giwa ko Soba ya ga yadda gangar noma ke yi da samari. Makaɗi na bin su kunya kunya, yana kiran kowa da kirarinsa, wanda ya gaji ya ji an ambaci ubansa sai ya sake sunkuyawa. Mahauta na da kalangu, maƙera da mafarauta kowa da nasa kiɗan. Leburorin reluwe ma, in za su ɗaga ƙarfen dogo, sai ɗaya ya ba da murya saura su amsa, a kan amshin ake ɗagawa gaba ɗaya. Wanda ya saɓa amshi, shi ƙarfen ke danne wa yatsa. A wurinsu waƙa kayan aiki ce kamar diga da shebur.

Mahaifina ya riski babban yajin aikin 1945, wanda ya fara a watan Yuni ya yi kwana 44, Michael Imoudu na ma'aikatan reluwe na kan gaba. Abin da ake nema shi ne ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, domin yaƙin duniya na biyu ya sa kaya sun tashi albashi yana nan inda yake. Zariya kuwa a lokacin mahaɗar jiragen ƙasa ce, layin Kano ya ratsa ta tun 1911, ga na Jos, ga na Ƙauran Namoda. In jirgi ya tsaya a nan, gyaɗa da auduga sun tsaya.

Inda waƙar Hausa ta fito fili ta tsaya wa talaka tsirara shi ne zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. 'Yan NEPU ba su da rediyo, ba su da kuɗi, yawancin mabiyansu ba su yi boko ba: teloli ne, dukawa, 'yan koli, mahauta, ƙananan malamai. Sai suka koma wa abin da malamanmu suka saba tun zamanin Shehu Ɗan Fodiyo da Nana Asma'u, wato rubutacciyar waƙa mai amshi, wadda ake rerawa ba ganga ba kalangu. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zauna nan Zariya ya koyar kafin ya koma Bauci, ya rubuta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya yana jan kunnen sarakuna. Mudi Sipikin, yana matashi, ya ba da amsa da tasa waƙar cewa jamhuriya kawai. Ga kuma mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu. Takarda 'yan doka na iya ƙwace ta, amma waƙar da tela ya haddace yana taka keke, ta ina za a kama ta? Mutane sun sha bulala, sun shiga gidan yari saboda lacca da waƙa. Hajiya Gambo Sawaba tamu ta Sabon Gari, wadda aka haifa a 1933 ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, sau 16 ana ɗaure ta. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. In ka bi ta Ƙofar Gayan ka ga asibitin da ke ɗauke da sunanta, ka yi mata addu'a.

Sannan ka gaya wa abokinka ya nemi Ɗan Maraya Jos ya saurara. Mutum ɗaya, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana ƙarƙashin mota, ya sa waigi, ya sha zagin direba da na fasinja. Wace riga karen mota zai ba shi? Ya yi waƙa kan mai akwai da mai babu, ya yi kan auren dole. Ya rasu a 2015. Barmani Choge ta Funtuwa kuma da ƙwaryarta ta yi ta kiran mata su kama sana'a.

Me ya sa duk wannan arziki bai shiga ƙungiyar ƙwadago ba? A ganina, ƙungiyoyin nan a Ikko suka yi wayo, a cikin ma'aikatan da ke da harsuna barkatai. Ko a Sabon Garin da na tashi, Ibo ne, Yarabawa ne, Nufawa ne, Tibi ne, ba abin da ke haɗa taron reluwe sai Turanci. Saboda haka waƙar ƙungiya ta zo da Turanci ta zauna, waƙar talakan Hausa kuwa ta bi jam'iyya. Kar ka manta gwamnatin jam'iyyar PRP ta Gwamna Abubakar Rimi a Kano ita ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Abin da ke ba ni takaici shi ne yau waƙar jam'iyya ta zama ta kwangila. A biya mawaƙi ya wasa ɗan takara ya yi wa abokin hamayya zambo, zaɓe na wucewa waƙar ta mutu.

Ban ce ku yar da ta Turanci ba, ita ke haɗa ku da ɗan'uwanku na Inugu da Fatakwal. Amma ku yi taku. Ku ɗauki karin da kowa ya sani, irin na gaɗa ko na dandali, wanda tsohuwa mai shara za ta kama a ji na biyu. Amshi kar ya wuce numfashi ɗaya. Ku ambaci abu da sunansa: kuɗin mudun masara a kasuwar Sabon Gari, kuɗin mota daga Kwangila zuwa Samaru, naira 70,000 da aka sa hannu a kanta a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi, da kwana nawa take yi a aljihu. Ban da zagin uwar kowa, ban da ƙazafi, don ranar da za a zauna teburin sulhu tana zuwa. Kuma kar ku karɓi kuɗin ɗan siyasa a kanta, ko na sutudiyo ne.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce. Gaskiya in na ga manya na waƙa a wurin yajin aiki sai in ji kamar wasa ake yi da wahalarmu. Waƙa ta taɓa ƙara wa wani albashi?
Daga wata 'yarku, Ƙofar Doka.

AMSA: 'Yata, ba ta taɓa ba, kuma na fahimci ɓacin ranki. Naira 125 da aka samu a 1981 a matsayin mafi ƙarancin albashi, yajin aikin gama-gari ne ya kawo ta, lokacin Hassan Sunmonu na shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Amma na yi yajin aiki ba sau ɗaya ba, na san inda yake karyewa. Ba a makon farko ba. A mako na uku ne, sa'ad da mai gidan haya ya fara sallama, mai shago ya rufe littafin bashi, kowa na zaune a ɗakinsa shi kaɗai yana tunanin ko ya lallaɓa ya koma. Mutumin da ya fito ya ji muryarsa cikin muryar mutum ɗari biyar, yakan koma gida da ƙarfin ƙara kwana biyu. Sau da yawa kwana biyun nan ake nema.

Da wasa ce, da masu mulki ba su ji tsoronta ba. A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta rataye Vuyisile Mini, shugaban ƙwadago kuma mawaƙi, a watan Nuwamba na 1964, fursunonin da ke tare da shi suka ce yana rera waƙa aka tafi da shi. A Chile sojoji suka kashe mawaƙi Victor Jara a Satumbar 1973, kwanaki kaɗan bayan juyin mulki. A nan gida, matan Abekuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun yi ta kwana a ƙofar fada suna waƙa kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Gambo Sawaba ta je wurinta ta yi zama don ta koyi gwagwarmaya.

Ke da ke aikin dare, kin san abin da ku da masu shara da masu tura gadon marasa lafiya kuke faɗa wa juna da ƙarfe ukun dare in wuta ta ɗauke. Ki rubuta shi yadda kuke faɗarsa, ki nemi wadda ta fi ku murya a cikinku ta ɗora masa kari. In kun haɗa, ku aiko mini ta wannan fili. Gidana ba nisa da tashar jirgi, zan zo taronku in karɓa muku amshi.