Timia: Ta yaya lemu da rumman ke nuna a tsakiyar hamada?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Wani direba da ke zuwa Agadez ya kawo mana tsarabar lemu da rumman, ya ce daga wani ƙauye ne cikin duwatsun Azbin mai suna Timia, har ya ce Turawa na zuwa yawon buɗe ido can. Ni dai na san ƙasar hamada ce. Shin wurin yana da sanyi da ruwan sama ne irin na Jos? Kuma wane lokaci ya fi kyau mutum ya je?

Amsa: Ɗan'uwa, direban bai yi maka ƙarya ba, sai dai kwatancen Jos zai ɓatar da kai. Jos ruwan sama ne ya rayar da ita. Timia kuwa dutse ne ya rayar da ita.

Garin ƙarami ne, yana jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da birnin Agadez, a tsakiyar duwatsun da Faransawa ke rubutawa Aïr, mu kuma muke kira Azbin. Tsayin wurin ya haura mita 1,000 daga doron teku, alhali Agadez tana wajen mita 500. Kudu da shi akwai tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Kilomita 220 ba wani abu ba ne a kwalta, amma wannan hanyar rairayi ce da duwatsu, mota mai giyar taimako ma wuni guda take yi.

To ina ruwan yake fitowa? Damina gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, mafi yawanta a Agusta. Abin da ke sauka a Agadez a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, na Kano kuwa yakan haura 700. Duwatsun suna ɗan jawo hadari, amma ba wannan ne babban aikinsu ba. Ruwa in ya zuba a kan falalen dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi. Sai ruwan da ya sauka a faɗin ƙasa mai yawa ya taru a kwari ɗaya, ya cika busasshen rafin da mutanen Nijar ke kira kori. Kori yakan kawo ruwa na 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya, ya ɗauke. Mai kallo sai ya ce ya tafi ke nan, alhali ya shige ƙarƙashin rairayi ne, dutse ya tokare shi daga ƙasa, rairayin kuma ya rufe shi daga rana. Wannan ajiyar ce masu garka ke haƙa rijiya su sha duk shekara. A da raƙumi ko sa ke jan guga, yaro na kora shi gaba da baya, ruwan na bin 'yan magudanai zuwa fangali. Yanzu injin ban-ruwa ya yawaita, kuma ni a ganina nan ne abin tsoro yake, domin inji ba ya gajiya kamar raƙumi, ajiyar kuwa tana da iyaka.

Shi ya sa koren Timia siriri ne, bakin kori kawai yake bi. Ka ɗaga kai sama kaɗan, baƙin dutse ne tsirara. Cikin garakan akwai dabino, lemu, rumman da inabi, ga alkama, masara, tumatir da albasa.

Batun sanyi: akwai shi, amma na dare ne. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, don haka Timia ta ɗan fi Agadez sauƙi, ba da yawa ba. A Disamba da Janairu rana na da daɗi, dare kuwa sanyin kan kusa daskarar da ruwa, saboda iskar a bushe take, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin yini. Afrilu zuwa Yuni zafi ne na gaske.

Mutanen garin Abzinawa ne, na reshen da ake kira Kel Ewey, kuma ba baƙinmu ba ne. Su ne masu ayarin da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro Damagaram da ƙasar Kano su musanya da gero. Dalilin da ya sa da yawansu ke jin Hausa ke nan.

Abin da ke jan baƙi shi ne magangarar ruwa da ke kusa da garin, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse cikin wani tafki, da tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tudu, da kufan tsohon garin Assodé a arewa. Tawayen Abzinawa na shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009 sun karya wannan kasuwa, ba ta koma yadda take ba.

In za ka je, ka nufi Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ne ma lemun ke nuna. Ka guji Agusta, kori in ya kawo yakan datse hanya. Ka nemi ɗan jagora a Agadez, ka tambayi hukuma halin tsaron hanya kafin ka tashi, kuma kada ka manta bargo.