Amsar tambayar Hajiya kan makin SAT

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya barka da yamma, ya gida, ya yara? Na saurari saƙonki. Kin ce yarinyarki ta zauna SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, a nata ƙirgen tambayoyin lissafin da suka kuɓuce mata ba su kai na ƙawarta da ta zauna a wani watan ba, amma ƙawar ta fi ta maki. Shi ne kike tambaya ko akwai watan da jarrabawar ta fi sauƙi, ki biya mata ta sake a lokacin.

To Hajiya, don Allah kar ki ɓata kuɗinki wajen neman wata mai sauƙi, babu shi. Ita hukumar College Board mai shirya jarrabawar ta san tambayoyin kowane zama ba za su zo daidai da juna wajen wuya ba, shi ya sa ba yawan amsoshin daidai kaɗai take ƙirgawa ba, tana auna nauyin tambayoyin. In jarrabawa ta zo da zafi, yaro zai iya faɗuwa 'yan tambayoyi makinsa bai yi ƙasa sosai ba. In ta zo da sauƙi kuwa, kuskure ɗaya ma sai ya ci masa maki da yawa. Haka aka yi a Yunin 2018: lissafi ya zo da sauƙi, yara suka fito suna murna, sakamako na fitowa sai kuka, har da masu neman a sake duba makin. Sannan waɗanda suka zauna rana ɗaya da yarinyarki, ko duk gwanaye ne, ba su rage mata komai.

Amma ga inda na fi zargi. Tun Maris 2023 a wajen Amurka a kwamfuta ake yin ta, cikin manhajar Bluebook. Lissafi tambaya 44 ne a minti 70, an raba shi gida biyu, 22 da 22. Kashin farko shi ke yanke wanda za a ba ki na biyu. In yarinya ta yi ƙoƙari a na farko, sai a miƙo mata mai wuya, kuma ta nan ne kawai ake kaiwa 800, ƙarshen makin lissafi. In ta yi tuntuɓe a na farko, sai a ba ta mai sauƙi, ko ta cinye shi duka makin ba zai kai sama ba. Ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan tsakaninta da ƙawar tata. Shi ya sa in ɗalibina ya fito fuska a murtuke yana cewa Malam, kashi na biyu ya wahalar da ni, ni hankalina kwanciya yake yi. Wanda ya fito yana dariya wai ya gama da sauran minti goma, shi nake jin tsoro.

Saboda haka ta zuba ƙarfinta a minti 35 ɗin farko. Kurakuran gaggawa ne ke kayar da yaranmu a nan, an tambayi abu kaza sun amsa wani. Ta saba da kalkuletar Desmos da ke cikin manhajar, ta yi jarrabawar gwaji ta Bluebook, kyauta ce, da agogo a gabanta. Kar ta bar tambaya ba amsa, tun 2016 aka daina rage maki kan kuskure.

Af, wani ya ce yayansa ya ci 1900. Wancan tsohon tsari ne da ake yi a kan 2400, yanzu 1600 ne ƙarshe, kar a haɗa su.

In za ta sake zama, jami'o'i da yawa suna ɗaukar makin da ya fi girma a Turanci da wanda ya fi girma a lissafi ko da daga zama daban-daban ne, amma a duba ƙa'idar kowace jami'a. Hajiya ki turo min takardar sakamakonta ta gefe in duba inda take da rauni. Allah ya ba ta sa'a, a gaida mutan gida.