Ƙanwata, ga amsar tambayarki kan tsohon otal ɗin tsakiyar Bolonya

Assalamu alaikum ƙanwata. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa a fara a sa'a, a kuma gama lafiya.

Na karanta saƙonki. Kin ce za ki sauka birnin Bolonya na ƙasar Italiya a ƙarshen watan Satumba, ɗakin haya bai samu ba tukuna, kuma kin ga wani ƙaramin otal a intanet, tsohon gini a tsakiyar gari mai ɗakuna goma sha wani abu, rufin ɗakunan cike da zane-zanen mutanen da, har ya kwanta miki a rai. Kina tambaya ko ki kama ɗaki a can ki zauna har wurin zama ya samu, ko da abin zai kai wata guda. Shawarata ita ce ki kama, amma na kwana uku ko huɗu. Maganar wata guda ki cire ta daga ranki tun yanzu.

Ina son irin waɗannan otal-otal ƙwarai, don haka kada ki ɗauka kushe su zan yi. Salon ƙaramin otal mai kamanni nasa na kansa ya yi suna ne da Blakes da aka buɗe a Landan a 1978, da Morgans na birnin Niyok a 1984, daga nan ya bazu. A Italiya abin ya zo da sauƙi, domin tsofaffin gidajen attajirai da na masu sarauta suna nan birjik a tsakiyar kowane birni, sai a gyara ɗaya a zuba gadaje. To amma ginin da aka yi shekara ɗari huɗu da suka wuce, an yi shi ne don iyali guda da barorinsu, kuma wannan tsari yana nan har gobe a cikin ɗakunan. Hawa na farko shi ne na masu gida: rufi can sama, manyan tagogi, zane a bango. Hoton da ya burge ki kusan tabbas na wannan hawa ne. Hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufi, nan barori suke kwana a da, ɗakunan ƙanana ne, rufin a kusa da kai, zafi kuma yana taruwa a wurin da bazara. Ɗaki mafi araha a jerin da kika gani, galibi ɗaya daga cikin waɗannan ne. A babban otal na zamani ɗakunan kamar an zuba su a ma'auni ɗaya suke, a nan kuwa kowane ɗaki da irin halinsa. Saboda haka kafin ki biya ko sisi, ki rubuta musu imel ki ce su turo miki hoton ainihin ɗakin da za su ba ki, su faɗa miki hawa na nawa ne da girmansa.

A cikin wannan imel ɗin ki tambaye su ko akwai lif. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci gare ki, ke da za ki zo da manyan akwatuna biyu, kowane kilo 23, ga jakar baya. Dokar kare kayan tarihi ta Italiya ta 2004 ta hana mai irin wannan gini ya fasa bango ko ya canza fasalinsa sai da izinin hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi, shi ya sa da yawa ba su da lif ko kaɗan. Inda aka samu aka saka, sau da yawa ɗan ƙarami ne da aka cusa a tsakiyar matakala, mutum ɗaya da akwati ɗaya ya cika shi. Wani lif ɗin ma sai kin hau 'yan matakalai kafin ki kai gare shi. Kuma da yake rufin tsohon gini yana da tsayi, hawa biyu a can ya kai hawa uku na ginin zamani. Ba Italiya kaɗai ba ce. Gidajen bakin ruwa na Amsterdam da aka gina a ƙarni na 17 matakalarsu a tsaye take ƙiƙam, ga ƙunci, har ta kai masu ginin sun riƙa kafa ƙugiya a saman gida don a jawo kaya ta taga.

Isowa ma tana da nata lissafin. Daga filin jirgin Marconi akwai ɗan jirgin ƙasa na sama da ke kai mutum babbar tashar jirgin ƙasa cikin minti bakwai ko takwas. Daga tashar zuwa dandalin Piazza Maggiore kamar tafiyar minti ashirin ce a ƙafa ta titin Indipendenza. Tsakiyar garin yanki ne da aka taƙaita shigar motoci, suna kiransa ZTL, kyamarori na ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tara kuma ta biyo baya. Tasi tana da izinin shiga, amma idan wani ɗan'uwa ya ce zai ɗauko ki da motarsa, ki gaya masa ya bincika tukuna, kada alherinsa ya jawo masa asara. Ranakun Asabar da Lahadi kuma ana rufe manyan tituna uku na tsakiya, Rizzoli da Ugo Bassi da Indipendenza, su zama na masu tafiya a ƙafa, to mai tasi zai iya sauke ki nesa da ƙofa. Daɓen wasu lungunan na dutse ne, yana cin tayar akwati.

Ki kuma tambayi lokacin da suke karɓar baƙi. Yawanci ba a ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, jirage kuwa da yawa da safe suke sauka. Ƙananan otal-otal da dama ba su da mai zama a teburin karɓar baƙi da dare. Wasu ma hawa ɗaya kawai suka mallaka a cikin ginin da mutane ke zaune, sai ki tarar da ƙatuwar ƙofar katako a rufe, da jerin sunaye a gefe, kowane da maɓallin ƙararrawarsa, ba wani babban allo da zai nuna miki nan ne otal. Ki ba su lambar jirginki da lokacin saukarsa, ki karɓi lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne, ki rubuta ta a takarda tare da adireshin. Idan sun karɓi fasfonki suna rubuta bayananki, kada gabanki ya faɗi. Doka ce ta wajabta wa kowane masauki ya aika bayanan baƙo ga 'yan sanda cikin awa 24. Su rubuta su maido miki da shi nan take.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ki kai wata.

Na farko kuɗi. Ana lissafin otal ne da dare, kuma farashin yana hawa da sauka bisa yawan masu nema. Bolonya gari ne na baje koli, kuma a ƙarshen Satumba ake yin Cersaie, babban baje kolin tayil da kayan banɗaki da ke jawo 'yan kasuwa daga ko'ina a duniya, daidai lokacin da ɗalibai ke tururuwar shigowa. A irin wannan mako ɗaki yakan yi tsada sosai, in ma ya samu. Otal mai ɗakuna goma sha biyu kuwa da wuya ya iya ƙara miki kwanaki idan kin nema daga baya, domin an riga an sayar da ɗakinki ga wani. Ga harajin kwana da ƙaramar hukuma ke karɓa daga baƙi, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da kika gani a Booking.com, a otal ake biyansa. Ga kuɗin jingina da wasu ke riƙewa a katin banki, wanda kan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Sannan babu wurin girki, babu injin wanki, duk abin da za ki ci sai kin saya a unguwar da aka sa farashi don 'yan yawon buɗe ido. Kuɗin da iyayenki suka haɗa don kuɗin ajiya da hayar watan farko, a haka zai zurare ba ki ankara ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna a cikin maganar duka.

Na biyu takardu. Duk wanda ya shigo Italiya da bizar karatu dole ya nemi takardar izinin zama cikin kwanakin aiki 8 da isowarsa. A gidan waya ake karɓar fom ɗin a kuma miƙa shi, su ba ki rasit da ranar da za ki je Questura, wato ofishin 'yan sanda, a ɗauki zanen yatsunki. Fom ɗin yana neman adireshi, kuma a ranar ganawar za su so ganin shaidar inda kike zaune. Otal masaukin baƙo ne na ɗan lokaci, ba ya ba ki yarjejeniyar haya mai rajista, wadda ita ce ke sauƙaƙa miki kusan komai daga baya. Ki tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a tun kafin ki taso, ki tambaye su wane adireshi za ki sa idan har ranar ta zo ba ki kama ɗaki ba. Ki kuma nemi lambar haraji, wadda ake kira codice fiscale, da wuri, domin ba za a rubuta miki yarjejeniyar haya ba sai da ita.

Tunda biza ta shigo cikin maganar: idan har yanzu kina jiran fitowarta, ki zaɓi farashin da ke ba da damar sokewa kyauta, ko da ya ɗan ɗara wanda ba a maido da kuɗinsa. Kuma ki kama ɗakin da kanki, da sunanki kamar yadda yake a fasfo. Masu cewa za su haɗa miki takardar otal ta bogi don a nuna wa ofishin jakadanci, ki guje su, kiran waya ɗaya ya isa ya tona asirin, kuma ke abin zai shafa.

To me ya sa ban ce ki haƙura da otal ɗin gaba ɗaya ba? Saboda kwanakin nan uku ko huɗu suna da amfanin da masaukin bayan gari ba zai ba ki ba. Jami'ar Bolonya, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1088, a warwatse take cikin garin, babban gininta yana titin Zamboni, a tsakiya. Daga otal ɗin za ki taka da ƙafa zuwa jami'a da gidan waya da ɗakunan hayar da kike son dubawa, ba tare da kin fara koyon layukan bas kina cikin gajiyar tafiya ba. Ganin ɗaki da ido kafin a biya shi ne babban abin da zai kare ki, domin a garuruwan ɗalibai masu damfara suna sa hotunan ɗakunan da ba nasu ba, su ce a turo kuɗin ajiya kafin wani ya riga ki. Gani ya kori ji. Kada ki tura wa kowa kuɗi kan ɗakin da ba ki shiga ba.

Ƙuncin wurin kwanan ɗalibai a garin nan tsohon abu ne, har ya bar alama a jikin gine-ginen. Tun a zamanin da ɗalibai suka fara cika garin, masu gidaje suka riƙa faɗaɗa benensu ya leƙo kan titi, su tallafe shi da ginshiƙai, sai ƙasan ya zama rumfa. A 1288 hukumar garin ta wajabta wa masu sabon gini su yi irin wannan rumfa, da tsayin da mahayin doki zai wuce ta ƙarƙashinta. Yau tsawonsu gaba ɗaya ya kai kusan kilomita 62, kuma UNESCO ta saka wasu sassansu cikin kayan tarihin duniya a 2021. A ƙarƙashinsu za ki yi yawon neman ɗakinki, ko ana ruwa ba za ki jiƙe ba.

Wani amfanin kuma shi ne mutanen otal ɗin. A ƙaramin wuri, wanda ke karɓar baƙi sau da yawa shi ne mai shi ko wani na gidansu, ɗan gari ne da ya san unguwanni. Ki nuna masa adireshin ɗakin da aka tallata miki, ki tambaye shi nisan wurin da yanayinsa da dare. Ki roƙe shi ya kira miki mai gidan da ba ya jin Turanci. Idan kin yi musu ladabi, da yawansu za su ajiye miki akwatunanki bayan kin bar ɗaki har ki dawo ki ɗauka.

Idan sun ba ki zaɓi, ki ɗauki ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida a kan mai kallon titi. Ba shi da kyan gani a hoto, amma za ki yi barci. Tsakiyar gari ba ya yin shiru da wuri, musamman wajen dandalin Piazza Verdi da titin Zamboni inda matasa ke hira har dare ya raba, ga ƙararrawar coci da motar kwashe shara da asuba, tsofaffin tagogi kuma ba sa tare ƙara. Kaurin bango yana raunana intanet a wasu ɗakunan, don haka ki sauke duk takardunki a waya, ki kuma buga su a takarda. Game da sanyi, a ƙa'ida sai 15 ga Oktoba ake kunna na'urar ɗumama gidaje a wannan yanki, kuma otal ɗin da ke gini ɗaya da gidajen mutane yana iya bin wannan lokaci, to rigar sanyi ɗaya ta kasance a jakar hannunki.

Abin da nake so ki yi kafin ki taso shi ne ki tsara inda za ki koma a rana ta biyar idan ɗaki bai samu ba: masaukin matasa mai ɗakin girki, ko ɗakin wucin gadi na mako-mako, ko wurin da jami'a da hukumar tallafin ɗalibai ta ER.GO za su iya nuna miki. Ki kama shi tun yanzu da sharaɗin sokewa, ki kuma fara haɗa ranakun duba ɗakuna tun kina gida, yadda washegarin saukarki za ki fita da jerin adireshi a hannu.

Idan otal ɗin sun amsa imel ɗinki, turo min amsar tare da ranar jirginki mu duba tare. Ki gaida mutanen gida. Allah ya kawo ki lafiya.