Na kunna EXPO a sabuwar kwamfutata, yanzu ta ƙi tashi: ram ɗin ya ƙone ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa sabuwar kwamfuta da hannuna: furosesa Ryzen 5 7600, madabod mai cif ɗin B650, da ram DDR5-6000 sanda biyu, kowanne giga 16. Ta tashi lafiya, na sa Windows, komai daidai. Da na duba sai na ga ram ɗin a 4800 yake gudu maimakon 6000 da ke rubuce a kwali. Na shiga BIOS na kunna EXPO, na adana, na fita. Tun daga nan fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin, wata 'yar fitila mai rubutun DRAM tana kunne a jikin madabod. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Shin na ƙona ram ɗin ne ko furosesar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ya ƙone. Abin da ka bayyana shi ne yadda kwamfuta ke yi idan ta gwada sabon saitin ram ta kasa, kuma saitin na nan ajiye a BIOS, wato manhajar madabod da ke fara tashi kafin Windows, duk kunnawar da ka yi shi take sake gwadawa. Da zarar an goge saitin, za ta koma yadda take.

Akwai abin da masu sayar da ram ba su cika faɗa wa mai saye ba. Lambar 6000 da ke kan kwali ba alkawari ba ce. Ram ɗin DDR5 irin naka yana tashi ne a kan gudun ƙa'ida na JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ram, wato 4800, da wuta 1.1V. EXPO na kamfanin AMD, kamar XMP na Intel, wani ɗan bayani ne da aka rubuta a jikin sandar ram, yana ce wa madabod ta ɗaga gudu zuwa 6000, ta matse lokutan jira, ta ƙara wuta zuwa wajen 1.35V. Wannan tura kaya ne sama da ƙa'ida, ko da yake da danna abu ɗaya ake yinsa. Ita kuwa Ryzen 5 7600, iyakar da AMD ya lamunce mata a rubuce 5200 ce da sanda biyu. Yawancinsu suna ɗaukar 6000 ba tare da gardama ba, shi ya sa kowa ke sayen wannan gudun, amma sashen da ke sarrafa ram yana cikin furosesa ne, kuma ba kowace furosesa ce ke fitowa daga masana'anta da ƙarfi ɗaya ba.

Kafin ka taɓa komai, gwada haƙuri tukuna. Duk lokacin da aka canja saitin ram a kan AM5, wato nau'in soket ɗin da furosesarka ke zama a ciki, madabod tana yin wani gwaji na daidaita sigina tsakanin furosesa da kowace sanda. A lokacin allo baƙi ne, fitilar DRAM a kunne, wani lokaci kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta sau biyu ko uku. Da giga 32 yakan ci minti ɗaya zuwa 'yan mintoci, da giga 64 ko fiye ya fi haka. Mutane da yawa suna ganin baƙin allo na daƙiƙa talatin sai su danne maɓallin kashewa, gwajin ya koma farko. Ina zargin cikin kashe-kunnan nan goma da ka yi akwai wanda ka katse ta tana tsakiyar aiki. Kunna ta sau ɗaya, ka bar ta minti goma cur. Idan ta fito, shi ke nan. Wasu madabod ma idan sun kasa sau da yawa a jere sukan koma saitin asali da kansu, su nuna saƙo cewa a danna F1 a shiga BIOS.

Idan minti goma sun wuce fitilar ba ta motsa ba, sai a goge CMOS, wato ɗan wurin da BIOS ke ajiye saitinta. Kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, zare wayar daga soket gaba ɗaya, sannan ka danne maɓallin kunna kwamfutar na daƙiƙa goma sha biyar don ragowar wutar da ke ciki ta zube. Duba bayan kwamfutar wajen ramukan USB, wasu madabod suna da maɓalli mai rubutun Clear CMOS, danna shi kawai ya wadatar. Idan babu, nemi wasu filoli biyu tsirara a ƙasan madabod. ASUS na rubuta CLRTC a gefensu, MSI na rubuta JBAT1, Gigabyte kuma CLR_CMOS. Ɗora bakin sukudireba ya taɓa su biyun lokaci ɗaya na daƙiƙa goma. Ka tabbata filolin da littafin madabod ɗinka ya nuna ne, domin akwai wasu masu kama da su a kusa, na fanka da na fitilun ado, kuma waɗannan ba a haɗa su. Kada kuma ka yi wannan da wuta a jiki.

Hanya ta ƙarshe ita ce cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Sau da yawa yana ɓoye a ƙarƙashin katin hoto, sai ka cire katin tukuna. Tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi, zai ɗago, ka ajiye shi minti biyar, ka mayar da gefen da ke da alamar + yana kallon sama. Idan lokacin hunturu ne, iska a bushe, jiki na tara wutar nan da ke tsartuwa idan ka taɓa ƙarfe, don haka riƙa taɓa jikin akwatin kwamfutar kafin ka kama ram ko kati, kuma ka kama su ta gefe.

Tunda ka buɗe, duba inda ka sa sandunan. A madabod mai rami huɗu, sanda biyu suna shiga rami na biyu da na huɗu idan ka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda ake kira A2 da B2. Dalili shi ne yadda aka ja layukan: sigina na bi ta ramin farko ta ƙare a na biyu. Idan ka sa ram a na farko ka bar na ƙarshen fanko, guntun layin da ya rage yana dawo da sigina baya kamar amsa-kuwwa. A 4800 kwamfutar na iya jurewa, a 6000 sai ta ƙi. Wannan kuskure ya yi daidai da labarinka sosai, tunda ta yi aiki lafiya har sai da ka ƙara gudu. Zare su, ka mayar, ka danna kowane gefe da ƙarfi har ka ji ƙas. DDR5 na da tauri wajen shiga, kuma yawancin ramukan yanzu gefe ɗaya kawai ke da makulli, ɗaya gefen yana iya zama bai zauna ba alhali ido na ganin kamar ya zauna.

Mayar da wuta ka kunna, ka sake ba ta mintocinta, domin bayan goge CMOS ma sai ta yi wancan gwajin. Idan har yanzu DRAM ce ke kunne, bar sanda ɗaya tak a A2 ka gwada, sannan ka musanya da ɗayar. Wadda ta ƙi tashi ita kaɗai a 4800 ita ce mai matsala, a mayar da kwalin duka ga mai shago. Idan kowace na tashi a A2 amma babu wadda ke tashi a B2, to laifin ba na ram ba ne. Sassauta sukurorin na'urar sanyaya furosesa kaɗan, a gicciye, domin ɗaurewa fiye da kima ko ɗaure gefe ɗaya na hana wasu filoli taɓawa. In bai yi ba, cire furosesar ka haska soket da tocila. Soket ɗin AM5 filoli 1718 ne siraran gaske, guda ɗaya da ya lanƙwashe ya isa ya kashe layin ram ɗaya. Idan kuwa fitilar ta tashi daga DRAM ta koma VGA, ram ya wuce, saura hoto: duba ko katin ya zauna da kyau bayan ka cire shi, ko ka sa wayar monita a jikin madabod, tunda 7600 na da nata ɗan sashen hoto.

To, ta tashi, kana cikin BIOS a 4800. Kada ka koma kan EXPO nan take. Duba lambar BIOS ɗinka ka gwada da ta shafin kamfanin madabod. Madabod ɗin da ta daɗe a shago takan zo da tsohuwar BIOS, kuma a kan AM5 gyare-gyaren da AMD ya yi ta fitarwa tun 2022 da yawansu kan ram ne. Akwai ma dalili na tsaro. A 2023 an samu wasu furosesoshin Ryzen 7000, musamman masu X3D, da suka ƙone saboda wasu madabod na ɗaga wutar SoC, wato wutar ɓangaren furosesa da ke ɗauke da sashen sarrafa ram, da yawa idan an kunna EXPO, daga nan AMD ya sa iyaka a 1.3V ta sabuwar BIOS. Duk BIOS da ta girmi wannan gyara bai kamata a kunna EXPO a kanta ba.

Wajen sabuntawa, sa fayil ɗin a filashi da aka tsara da FAT32, ka yi ta cikin BIOS ɗin, ram na kan saitin asali. Abin da ya fi komai haɗari a nan shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutawa. Kada ka dogara da wutar NEPA ko janareto mai tari, jona kwamfutar a UPS ko inbata mai cikakken caji. Yawancin madabod na B650 suna da maɓallin da ke rubuta BIOS daga filashi ko da kwamfutar ba ta tashi, ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Yana buƙatar a canja wa fayil ɗin suna yadda littafin ya ce, a sa shi a takamaiman ramin USB. Wani abu kuma: idan Windows ta kulle faifanka da BitLocker, sabunta BIOS na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, kwafe shi a takarda tun kafin ka fara.

Bayan sabuntawa sai a sake gwada EXPO, sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa. Idan ta sake maƙalewa, goge CMOS, ka hau a hankali. Kunna EXPO don ta ɗauko wuta da lokutan jira, amma ka je wajen gudun ram ka sauke shi da hannu zuwa 5200. In ta tashi, 5600, sannan 5800, sannan 6000, kana canja abu ɗaya a kowane zagaye don ka san wanda ya jawo matsala. A ASUS akwai EXPO I da EXPO II: na farko yana ɗaukar manyan lokutan jira daga ram, madabod ta zaɓi sauran, na biyu yana ɗaukar duk abin da kamfanin ram ya rubuta. Idan ɗaya ya ƙi, gwada ɗayan. Duba cewa VDD da VDDQ, wato saitunan wutar ram, sun yi daidai da abin da ke rubuce a takardar jikin sandar. Wutar SoC tsakanin 1.20V da 1.25V takan ishi 6000, kuma ko BIOS ta ba ka dama kada ka haura 1.30V. Ƙara wuta ba shi ne maganin kowace matsala ba, wani lokaci ma ƙara rikita abin yake yi.

Akwai saitin da ake kira Memory Context Restore, wanda ke sa madabod ta tuna sakamakon gwajin baya don ta riƙa tashi da sauri. Bar shi a kashe har sai komai ya zauna. Idan za ka kunna shi daga baya, kunna shi tare da Power Down Enable, domin kunna na farko ba tare da na biyu ba sananne ne wajen jawo shuɗin allo a Windows.

Ban sani ba ko sandunan naka a kwali ɗaya suka zo. Idan mai shago ya haɗa maka su guda-guda ne, ko da suna da lamba iri ɗaya, ƙwayoyin da ke ciki na iya bambanta, wannan na SK Hynix, wancan na Samsung ko Micron. Bayanin EXPO an gwada shi ne a kan sandunan da aka sayar tare. Shafin madabod ɗinka na da jerin ram da kamfanin ya gwada, ana kiransa QVL, nemi lambar naka a ciki. Rashin ganinsa ba ya nufin ba zai yi ba, amma ganinsa na rage zargi a kansa. Kuma idan kana da niyyar ƙara wasu sanduna biyu nan gaba su zama huɗu, ka sani AMD ya lamunce 3600 ne kawai a wannan yanayin, 6000 da sanda huɗu sai an yi sa'a. Mai son giga 64 gara ya sayi sanda biyu masu 32.

Tashin kwamfuta bai isa shaida ba. Ram da ke kan gaɓa yana iya shiga Windows lafiya, sai ya riƙa rufe wasanni, ko ya lalata fayil a ɓoye. Sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filashi, ka tashi daga kansa, ka bar shi ya gama zagaye huɗu, zai ci sa'o'i, gara a bar shi cikin dare idan akwai tsayayyiyar wuta. Bayan haka ka gwada TestMem5 ko OCCT a cikin Windows, da akwatin a rufe yadda za ka riƙa amfani da shi. Zafi na da tasiri a nan: DDR5 na ɗauke da nasa ɗan cif mai sarrafa wuta a jikin sandar, katin hoto kuma na hura masa iska mai zafi, saitin da ya wuce gwaji da sanyin safiya yana iya kawo kuskure da ranar bazara a ɗakin da ba AC. Kuskure ko guda ɗaya ne, sauko mataki ɗaya ka sake gwadawa. Idan a 5600 ko 5800 ta tsaya cak, bar ta a nan, bambancinsu da 6000 sai manhajar awo ce ke iya nuna shi.